Cigiya Babu Suna

Kun sha yi mini dariya, ku 'ya'yana, duk lokacin da kuka zo gida kuka tarar da ni da rediyo a kunne. Kuna cewa zamaninsa ya wuce, wai nan da 'yan shekaru ba wanda zai san abin da ake nufi da mita. Ba na yi muku musu, don musu da mai digiri ɓata yawu ne. Amma kafin ku yi wa rediyo jana'iza akwai abin da nake so ku sani game da shi, kuma ba zai faɗu ba sai na haɗa da labarin kawunku Manu. Abin da na gaya muku a da, cewa ya tafi kudu fatauci ne ya daɗe, ba haka ba ne. Na san wasunku sun tsinci guntun zancen a bakin mutane, amma ba wanda ya ji shi daga bakina a zaune. Ni na ƙulla ƙaryar, gara ni in kwance ta.

Manu shi ne ɗan farin Inna, ni ke bin sa. A Dareta muka tashi, gidan da asalinsa kiwo ne, da shanu suka ƙare aka koma gona. Mutum ne marar surutu, in ya ce maka kalma biyar a yini to ranar yana cikin nishaɗi. Ni kuwa kun san ni, bakina ya riga hankalina girma. Bakin nan ne ya kai ni koyarwa bayan an kawo ni Gummi gidan mahaifinku, shi ne kuma ya kai ni ƙaramar tashar rediyonmu, inda aka ba ni karanta sanarwa da cigiya. Da harkar zinare ta buɗe, Manu ya shiga kamar kowa. Su haƙo dutse su kawo gida, a farfasa, a daka, a niƙa, ƙura ta lulluɓe tsakar gida, yara suna wasa a ciki. Na sha zuwa in yi faɗa, amma kada in yi wa kaina ado, faɗan ƙazanta nake yi. Ban san akwai guba a ƙurar nan ba, ba kuma wanda ya sani. Sai yara suka fara faɗuwa suna jijjiga. Safiya, 'yarsa ta fari, ta tafi. Ba a yi sati ba ƙaninta Bello ya bi ta. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo suka ce gubar dalma ce, daga dutsen da ake dakawa a gida take fitowa.

Ranar da muka ji wannan bayani ana zaman makoki, mata cike da tsakar gida, Inna tana cikinsu. Manu ya shigo ɗaukar buta. Ina ganinsa wani abu ya taso mini, na miƙe na nuna shi da yatsa.

"Zinari kas so, ga shi nan ka samu. Kai kak kashe su, Yaya. Da hannunka kad daka musu mutuwa."

Ya dube ni, ya ajiye butar ya fita. Bayan sadakar bakwai aka neme shi aka rasa. Matarsa Luba ta jira iya jiranta, daga baya alƙali ya raba auren ta yi wani a Anka, ba kuma wanda ya ga laifinta. Inna ta dawo wurina da zama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Haka muka yi shekara goma da 'yan kai. Kullum da hantsi ina gaban makirufo ina cigiyar kayan mutane: saniyar da ta ɓalle, yarinyar da ta ɓace wa uwarta ranar kasuwar Bukkuyum, tsohon da ya fita masallaci bai dawo ba. Tawa cigiyar kuwa ban taɓa karanta ta ba. Ina gaya wa kaina ai ba amfani, tasharmu ba ta da ƙarfi, da ka wuce Anka kaɗan muryata ta koma shuuu, shi kuwa Allah kaɗai ya san ƙasar da yake. Gaskiya ce, amma gaskiyar ta yi mini daɗin fakewa.

Wanda ya rushe mini wannan mafaka shi ne shugaban tasharmu, Malam Bawa. Ina so ku riƙe sunan nan, don ban yi aiki da kamarsa ba. Gajere ne, rigarsa ba ta rabuwa da baƙin mai, don in janareto ya tsaya shi ke kwance shi, in iska ta karkatar da eriya shi ke hawa, da furfurarsa da komai. Wata rana ya tara mu ya ce zai ɗora tashar a intanet, duk mai waya ya kama mu ko'ina yake. Muka yi ta dariya, ni ce ma a gaba. Na ce wa zai zauna a Ibadan yana ƙona data don ya ji an ɓatar da akuya a Gummi?

"Malama Kulu," ya ce, "ki dibi ƙauyukkan da anka watse. Ki dibi samarin da sunka tahi haƙa, da masu acaɓa kudu. Mutanenmu sun tahi inda eriya ba ta kai. To mu bi su."

Da abin ya tabbata, sai wasu daga cikinmu suka ce tunda yanzu duniya ce za ta ji mu, ya kamata mu gyara baki mu koma Hausar Kano, kada a yi mana dariya. Malam Bawa ya ƙi. Ya ce wanda ke Ibadan yana da tashoshin birni cike da wayarsa, abin da ba shi da shi shi ne wanda zai ce masa "munka" da "sunka". Ya kuwa yi gaskiya. Satin farko saƙonni suka fara shigowa daga Ibadan, daga Agadas, daga Kumasi. Wani ya ce shekararsa shida bai ji an ce "lahiya lau" yadda uwarsa ke faɗa ba. Na dawo gida ina ba Inna labari ina dariya, ban kawo komai a raina ba. A lokacin idanunta sun yi rauni, yawanci tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi.

"Har ina ta ka kaiwa?" ta tambaye ni.

"Ko'ina, Inna. In dai mutum na da waya."

Washegari da safe na fito zan tafi aiki na tarar ta yafa mayafinta na zuwa biki, takalmi a ƙafa.

"Ki kai ni wurin aikin nan naku," ta ce.

Malam Bawa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya kama hannunta ya zaunar da ita gaban makirufo. Ya yi mata bayani a hankali cewa za a naɗi muryarta a riƙa sawa, sai ta faɗi sunan wanda take nema, da garinsu, da shekarun da ya yi bai nan. Inna ta ɗago ta dube shi kamar ya zage ta. Nan take ya gane kuskurensa, ya sunkuyar da kai. Ku da kuka tashi kuna jin ina ƙwala wa babbar yayarku kira da sunanta ba za ku gane ba. A wurin su Inna, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da nake ban taɓa jin "Manu" a bakinta ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ko yaron maƙwabta ne mai irin sunan, "mai sunan wancan" take ce masa. A gaban mutane ba ta dubansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai ta gaya wa bango ya ji. Ta gyara zama, ta matso da bakinta kamar mai raɗa.

"Kai, wancan. In kana jina, ni ta. Ban mutu ba tukuna, amma idanu sun tahi, ƙahwahu na bin su. Ba ni hushi da kai, ban taɓa yi ba. Wanda yab ba ka su shi yak karɓi abinai. In kana da hali ka taho. In ba ka da hali ka yi magana in ji, ko sau guda. Shi ke nan."

Da muka fito na ce wa Malam Bawa bari in ƙara suna da gari a ƙarshe, don cigiya babu suna ai aikin banza ce. Ya girgiza kai ya ce ba a yi wa maganar uwa ƙari, wanda aka yi dominsa ya san muryar. Na yi kamar ban ji daɗi ba, alhali a cikina hamdala nake yi. In babu suna, ba wanda zai tambayi abin da ya kore shi.

Aka fara sawa da hantsi da kuma bayan la'asar. Rana ta biyu waya ta yi ƙara muna cikin shiri, wani mutum daga Ibadan yana kuka kamar yaro, yana cewa wannan Innarsa ce, daga Yargalma take, ko ba haka ba? Na ce masa a'a. Kafin a rufe tasha wani ya kira daga Agadas, shi ma rantsuwa yake tasa ce. Abin da ba mu yi tunani ba ke nan: duk ɗan farin ƙasar nan "wancan" ne a bakin uwarsa, muryar tsofaffi kuma a waya kusan ɗaya ce. Ni da na ce musu a'a sai in ajiye. Malam Bawa ya hana. Ya ce duk wanda ya kira a tambaye shi sunansa da ƙauyensu da gidan su wa, gobe a karanta, a juya cigiyar ta koma ɗa ke neman uwa. Haka muka yi ta yi. Wani ya samu tasa a wani gari da suka yi gudun hijira. Wani aka ce masa ya yi haƙuri, bara ta rasu. Mutumin Ibadan ɗin nan da kansa ya zo tashar da ledar goro, ya ce a kai wa tsohuwar da ta kira shi ba ta san shi ba. Mata suka riƙa zuwa gidanmu gaishe ta suna ce mata Innar kowa. Ita kuwa kullum na dawo tambayarta ɗaya ce.

"An yi magana?"

"An yi, Inna. Amma ba shi ba."

"To. Allah shi kai su gida."

Wata ya cika, ya shiga na biyu. Inna ta fara rage cin abinci. A cikin masu kira akwai wata lamba ta ƙasar waje da ke shigowa kusan kullum da zarar an gama sa muryar Inna. In na ɗauka na yi sallama sai a kashe. Na ɗauka matsalar sabis ce. Malam Bawa ne ya lura cewa ranar da ba na nan, in shi ya ɗauka, ba a kashewa da wuri, sai a yi shiru ana numfashi. Ya gwada kiran lambar, ba a ɗauka. Ya jira kowa ya fita sallah, ya ja kujera ya zauna gabana.

"Malama Kulu, wanga da Inna ka nema, mi kiy yi mai?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifinku guntu ya sani. Na zayyana masa komai. Bai yi mini wa'azi ba, bai kuma ce mini "ba komai" ba. Ya nuna ɗakin da muke watsa shiri da haɓa ya ce makirufo na nan, ranar da na shirya in gaya masa.

Mahaifinku bai so in nemi gafarar Manu a rediyo ba, kuma ba zan ce bai da hujja ba. Ya ce ina da 'ya'ya mata a gidajen miji, ina da surukai, ga shi ni ce matan unguwa ke kawo wa ƙara in sasanta su. Ya ce da rediyon da ne, iska ta ɗauka ta wuce, amma abin da ya hau intanet ba ya sauka, jikokina ma sai sun ji. Ya ce in tura saƙo ga lambar mana, tsakanina da shi. Na kwana biyu ina juya maganar. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, don ina son girman da ake ba ni. Amma a gaban mutane na faɗa masa abin da na faɗa, ban ga yadda zan janye shi a ɓoye ba. Da na gaya wa mahaifinku haka, ya tashi ya tayar da babur, shi ya kai ni har ƙofar tasha.

Na karanta cigiyoyin ranar kamar kullum. Da na gama na ajiye takardun, Malam Bawa ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi.

"Wagga cigiya tawa ta," na ce. "Ni Kulu, ina cigiyar yayana Usmanu, da a ka ce ma Manu, na Dareta. Shi na wanda Inna ka kira. Ranar makokin ɗiyanai nic ce mai shi yak kashe su. Ƙarya niy yi. Bai sani ba, ni ma ban sani ba, ba wanda yas sani. Ni da kaina na sha ɗaukar Safiya in kakkaɓe mata ƙurar nan da hannuna in mai da ta ta ci gaba da wasa. Yaya, ka gahwarta mani. In ba ka iyawa, ka taho don Inna, ni sai in bar gidan har ka koma."

Abin da mahaifinku ya faɗa duk ya faru. Kafin la'asar maganar ta zaga wayoyi. Na shiga kasuwa na ga ana zunguren juna. Wata daga cikin surukaina ta aiko a gaishe ni da irin gaisuwar da ta fi zagi zafi. Matan da ke kawo mini ƙara suka ragu, har yau ba su koma kamar da ba. Na ji ciwo ƙwarai. Lambar nan kuma ta daina kira, kwana ɗaya, kwana biyu, na ce shi ke nan, na tona kaina a banza na kuma ƙara korar sa. Rana ta uku muna tsakiyar shiri waya ta yi ƙara. Na ɗauka na yi sallama. Wannan karon ba a kashe ba.

"Kulu."

Muryar Manu ce.

"Na ji Inna tun ranar hwarko," ya ce. "Kullum sai na saurare ta kahin in shiga rami. Ke ni ka jira."

Abin da Malam Bawa ya yi a lokacin ba zan manta da shi ba. Ga abin da duk mai tasha ke nema ya faɗo masa, duniya ta kasa kunne. Sai ya miƙa hannu ya sauke mu daga iska, ya sa kiɗan garaya, ya fita ya ja mana ƙofa. Daga baya masu saurare suka yi ta ƙorafi, ya ce musu cigiya ce tasu, abin da ya biyo baya na 'yan gida ne.

Yanzu kuna tambayata ko irin tashoshinmu za su kai labari. Ban sani ba. Malam Bawa ya ajiye aiki, ni ma haka. Na ga lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan, na nesa suka daina jin mu ɗif, na kusa suka kakkaɓe tsofaffin rediyonsu suka sa batir, muka zama mu kaɗai ke gaya musu abin da ke faruwa. Na kuma ga lokacin da eriya ta lalace, intanet ce ta riƙe mu. Don haka in kun ji mai cewa a jefar da ɗaya a kama ɗaya, bai zauna a nan ba. Abin da nake tsoro ba waya ba ce. Tsorona ranar da masu tashar za su ga cigiyar akuya ta yi musu ƙanƙanta, su koma kwaikwayon manyan birane. Ranar nan ba wanda zai neme su daga Agadas, don irin wannan yana da ita a inda yake.

Kawunku ya iso bayan sati uku, daga wani wurin haƙa can ƙetaren iyaka. Da azahar mota ta sauke shi. Na fito zaure na ga wani dattijo ramamme da jakar leda, sai da ya yi gyaran murya na gane shi. Na zube a ƙasa. Ya ce in tashi, ni ma ai na tsufa. Na shige gaba ya biyo ni har ƙofar ɗakin Inna, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi sallama. Inna ta juya fuskarta ga bango.

"Kulu," ta ce, "a dama ma baƙo hura."

Na tafi na dama na kawo. Har lokacin fuskarta na bango, ba ta ce masa ko sannu ba. Amma hannunta ya laluba ya kama bakin rigarsa, ta nannaɗe shi a yatsunta. Ya sha furar a haka. Aka kira la'asar, ya motsa zai tashi, ba ta saki ba. Ya dube ni, na dube shi. Sai ya sunkuya a hankali ya zare rigar ta kansa ya bar mata a hannu, na ɗauko masa ta mahaifinku ya sa ya tafi masallaci.